Jiragen yaƙin da nake zanawa suna fitowa kamar an liƙa su: ina mafita?

Wani matashi mai zane ya aiko mini da wannan tambaya, haɗe da hoton aikinsa: "Malam, wata biyar ke nan ina fama da zane guda da fentin mai. Jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, Sopwith Camel yana bin jan Fokker ɗin nan mai fukafukai uku. Na goge na sake ya fi sau goma. Wayoyin sun zama kamar saƙar gizo, jiragen kuma kamar an yanko su daga kalanda an liƙa a kan shuɗin fenti. Ga tsoron kada wani masani ya gani ya ce na yi kuskure. Yanzu ko buroshin ba na son gani. Baiwar ce babu, ko mene ne?"

Ƙanena, kafin komai ɗauki kanbas ɗin nan ka juya fuskarsa bango. Kada ka yaga shi, kada ka shafe shi da farin fenti, ka dai bar shi nan mako biyu. Idon da ya yi wata biyar yana kallon abu guda ya daina ganinsa, wahalar da aka sha a kansa kawai yake gani. Maganar baiwa kuwa mu ajiye ta gefe. Wanda ba shi da ido ai da tuni ya sa wa zanen firam ya rataye a falo yana nuna wa baƙi. Kai ka ga jiragen sun fito kamar an liƙa su, kuma gaskiyarka ne, na duba hoton, haka suka fito. Saura mu gano dalili.

Ka kuma san cewa tun farko kaya mai nauyi ka ɗauko wa kanka. Camel, jirgin Ingila, fiffike biyu gare shi, Fokker ɗin na Jamus uku, biyar ke nan, kowanne dole ya bi ka'idar nisa da kusa daidai da ɗan'uwansa, ga shi kuma jiragen biyu duk a karkace suke. Masu shekara ashirin a sana'ar nan ma sai sun yi zufa a kan irin wannan.

Amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Da na ƙara girman hoton a waya, abin da na fara gani shi ne ƙyalli. Ka sa wa fukafukan wani farin walƙiya irin na murfin mota sabuwa. Wato hannunka yana zana jirgin 1918, amma ƙwaƙwalwarka tana tuna jirgin da ka saba gani a filin jirgin sama, na ƙarfe mai santsi. Yawancin jiragen wancan zamani yadi ne da katako. Ana haɗa ƙashin fiffiken da siraran katakai kamar haƙarƙari, a shimfiɗa yadin lilin a kai, a ɗinke shi a jikin kowane haƙarƙari, a liƙa siririn ƙyalle a kan ɗinkin, sannan a shafa wani ruwan magani da yake sa yadin ya ɗame kamar fatar kalangu. Camel ɗin da kake zanawa faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita takwas da rabi ne, nauyinsa kuma in babu mai babu matuƙi bai kai rabin tan ba. Ko rabin ƙaramar mota bai kai ba. Ƙarfen da ke waje a jikinsa bai wuce murfin inji da ɗan abin da ke bayansa ba, sai bindigogi biyu da suka yi masa ɗan tozo a gaba, wanda daga nan ya samo sunan Camel, wato raƙumi.

To yadi ba ya karɓar haske yadda ƙarfe yake karɓa. Fita tsakar gida da hantsi, lokacin da aka shanya farin zanin gado a igiya, ka tsaya ta inda rana take bayansa. Za ka ga zanin ya ɗauki haske kamar fitilar ƙwai, inda ya ninku ya yi duhu, igiyar ma ana ganin inuwarta ta cikinsa. Ko ka buɗe lema mai farin yadi ka ɗaga ta ga rana, ka ga yadda ƙarafunta suke fitowa ɗaya bayan ɗaya. Haka ƙarƙashin fiffiken jiragen farko yake in rana tana samansu: launin madara mai ɗumi, haƙarƙarin katako suna bayyana a jere kamar ƙashin kifi. Wannan ya fi fitowa a jiragen 1914 zuwa 1916, lokacin da ba a rufe saman yadin da fenti mai duhu. A kan Camel, da yake an shafe samansa da ruwan ƙasa, hasken ba ya ratsawa haka, amma ɗinkin haƙarƙarin yana nan, yadin kuma yana ɗan lotsawa tsakanin kowane biyu. Ɗan wannan hawa da saukar, in ka nuna shi da taɓawa uku ko huɗu a wurin da haske ya gifta, ya wadatar. Mai kallo zai ji a jikinsa cewa in ya ƙwanƙwasa da yatsa zai yi ƙara.

Yanzu ga babbar maganar, ita ce liƙawar. Na tabbata jiragen ka fara zanawa, ka gama su tsaf, sannan ka zo ka zagaye su da shuɗi. Ana ganin shaidar a bakin fukafukan, inda buroshinka ya riƙa bin gefensu a hankali don kada ya taɓa su. Duk zanen da aka yi haka sai ya fito kamar an liƙa, ko wane ne ya yi shi. Sararin sama shi ne zanen. Shi ake fara yi, a gama da shi ko a kusa gamawa, a san daga ina rana take, ina gajimare ya yi kauri, ina hazo ya kwanta, sannan a shigar da jirgin cikinsa tun fentin bai gama bushewa ba, da launukan da aka haɗa a wuri ɗaya da na saman. Ni ba na haɗa launin jirgi ba tare da na ɗebo kaɗan daga launin sararin na cuɗa a ciki ba. Saman fiffike yana kallon sama, don haka yana ɗaukar shuɗi, ko da fentinsa ja ne. Ƙarƙashinsa yana kallon ƙasa ko gajimare, sai ya ɗauki hasken da suke mayarwa. Jan Fokker ɗinka ja ɗaya ne daga hanci har wutsiya, kamar yadda ya fito daga kwalba, kuma babu wani abu a ƙarƙashin rana da yake haka.

Mu da muke zaune inda ake hunturu muna da malamin da masu zanen Turai ba su da irinsa. Ranar da hazo ya sauka, tsaya ka dubi bishiyoyi uku, ɗaya kusa, ɗaya tsakiya, ɗaya can nesa. Ta kusa tana da duhu da kaifin baki. Ta tsakiya ta fara toka-toka. Ta nesa ta kusa narkewa cikin iska. Iska tana da jiki, tana cin launi tana cin kaifi gwargwadon nisa. A zanenka jirgin da ke baya ƙarami ne, ka yi daidai a nan, amma duhunsa da kaifinsa ɗaya ne da na gaba, shi ya sa ido ya ƙi yarda cewa akwai tazara a tsakaninsu. Har a jikin jirgi guda ma, bakin fiffiken da ya fi nisa da kai ya kamata ya fi na kusa laushi. Ka bar wani gefen ya ɓace gaba ɗaya cikin gajimare. Idon mai kallo zai ƙarasa shi da kansa, kuma zai fi yarda da wanda ya ƙarasa da kansa.

Hanya mafi sauƙi ta gwada wannan: ɗauki hoton zanen da waya, ka mayar da shi baƙi da fari. In jirgin da sararin suka rabu kamar takarda a kan allo, to ka ga ciwon.

Batun karkacewar fukafukai ba ya warwaruwa da tunani, sai da hannu. Nemo kwali mai kauri, tsinken tsintsiya, gam da zare. Nemo zanen jirgin ta gaba, ta gefe da ta sama, akwai su birjik a intanet, ka yanka ka haɗa ɗan ƙaramin jirgi kamar tafin hannu biyu. Ba sai ya yi kyau ba, gwargwadon dai ya zama daidai. Rataye shi da zare a tsakar gida, ka karkata shi yadda kake so, ka zagaya shi kana kallo da ido ɗaya. Abu biyu za ka samu a nan da babu hoton da zai ba ka. Na farko, za ka ga ainihin yadda fiffiken sama yake rufe na ƙasa daga kowace kusurwa. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, za ka ga inuwar da fiffiken sama yake jefawa a kan na ƙasa da jikin jirgin. Wannan inuwar ita ce take ɗaure jirgi ya zama abu guda mai jiki, kuma babu ita a zanenka ko kaɗan. In za ka ɗauki hoton ɗan jirgin, ja da baya ka jawo shi da kyamara, don in ka matsa kusa fiffiken da ke gabanka zai kumbura ya zama kamar na abin wasan yara. Wajen haɗa shi ne kuma za ka gano wani abu game da Camel da ka kuskure: fiffikensa na sama a miƙe yake sambal, na ƙasa ne kaɗai yake ɗagawa sama ta bakinsa. Kai ka ɗaga duka biyun. Wannan siffar ita ce ake gane Camel da ita daga nesa, ta fi kowace waya muhimmanci.

Tunda mun zo kan wayoyi. Ka ƙirga su, ka zana su duka, kowacce da baƙin layi mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Waya a sararin sama ba ta bayyana haka. Inda ta gifta ta gaban wuri mai duhu sai ta yi haske, inda ta gifta ta gaban sarari mai haske sai ta yi duhu, a tsakani kuma ta ɓace. Daga nisan da ake ganin jirgi gaba ɗayansa, yawancinsu ba a ganinsu ma. Ni nakan zaɓi huɗu ko biyar, waɗanda rana za ta kama. Ba na amfani da buroshi. Nakan yanki gefen kwali mai kaifi, in shafa masa ɗan fenti, in dangwala sau ɗaya in ɗauke. Wani lokacin kuma in karce ɗanyen fentin da bakin wuƙa a jikin rula. In layin ya tsinke a tsakiya, barka, haka ake so. Kuma ga albishir: Fokker mai fukafukai uku ba shi da waɗannan wayoyin tsakanin fukafukansa. Ƙashin fiffikensa mai kauri ne, yana ɗaukar kansa, sai sandar tokara guda a kowane gefe. 'Yan wayoyin da yake da su suna tsakanin ƙafafun taya ne da gaban matuƙi. Rabin saƙar gizon da ta hana ka barci, kai ka ƙirƙiro ta.

Farfela kuma, wato abin da ke juyawa a hancin jirgi, kunna fanka ka kalle ta. Ba ka ganin ruwanta, sai wani ɗan da'ira mai hayaƙi-hayaƙi da haske yake gilmawa a gefe guda. Hotunan zamani da suke tsayar da farfela cak su suka ɓata mana ido. A jiragen nan biyu ma akwai ƙari: injin nasu shi kansa juyawa yake yi tare da farfelar, silinda tara suna kewayawa gaba ɗaya. Don haka in jirgin yana tafiya ba za a ga silindar ɗaya-ɗaya ba, sai dishi-dishi a cikin murfin. Man da ake zuba wa irin wannan inji man zurma ne, kuma ba ya komawa tanki, fesowa yake yi waje. Yana bin cikin jirgin yana ɓata yadin, yana fantsama a fuskar matuƙi da tabaransa, kuma yana cikin dalilan da suka sa suke ɗaura ƙyalle a wuya. Jirgin da ya yi mako biyu a bakin daga ba ya zama fes. Ga dabbaren mai a ƙarƙashi, ga laka a taya, ga facin da aka liƙa inda harsashi ya huda. Ka bar naka ya yi datti kaɗan.

Sai tsoron masana, wanda ina zargin shi ne ya fi daskarar da hannunka. Bari in ba ka labarin kaina. Shekarun baya na zana jirgin SPAD na wata runduna ta Faransa da take da tambarin shamuwa a gefen jiragenta, rundunar da matuƙin jirgi Georges Guynemer ya yi suna a cikinta kafin ya ɓace a watan Satumba na 1917. Daga tsohon hoto baƙi da fari na yi aikin. A hoton, zoben waje na tambarin ƙasa da ke kan fiffike baƙi ƙirin ne, na tsakiya kuma fari-fari. Na ce ai wannan duhun shuɗi ne, na zuba shuɗi a waje, ja a tsakiya. Na gama na sa hannu, na kai wani baje kolin zane ina ji da kaina. Wani dattijo ya daɗe a tsaye a gabansa, sannan ya juyo ya tambaye ni cikin ladabi yaushe shamuwar Faransa ta koma aikin sojan Ingila. Na Faransa ja ne a waje, shuɗi a tsakiya. Na Ingila ne shuɗi a waje. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, fim ɗin da ake ɗaukar hoto da shi a wancan zamani ba ya ganin ja. Ja da ruwan ɗorawa sukan fito baƙi ko kusa da baƙi, shuɗi kuma ya fito fari-fari. Na ji kunya ranar, har na rasa inda zan sa fuskata. Gyaran kuwa bai ɗauke ni minti arba'in ba, kuma dattijon nan bai bar wurin ba sai da ya yaba yadda na yi gajimaren.

Darasin da na ɗauka shi ne a raba kurakurai gida biyu. Akwai waɗanda ake iya tabbatarwa: siffar jirgi, yawan fukafukai, tambari, wane jirgi ne ya yi zamani da wane. Waɗannan ka bincika su tun kafin ka taɓa fenti, ka rubuta a takarda guda, ka rufe littafin. Akwai kuma waɗanda masanan kansu har yau suke jayayya a kai. Fentin da Ingila take shafa wa saman jiragenta, wanda ake kira PC10, haɗin rawayar ƙasa ne da baƙin hayaƙin fitila. Wasu sun ce ya fi karkata ga kore, wasu sun ce ga ruwan ƙasa, kuma yana sauyawa daga masana'anta zuwa masana'anta, rana da mai su ƙara sauya shi. Haɗa rawayar ƙasa da ɗan baƙi a kan allonka ka gani, da kansa zai ba ka wani kore-kore mai ƙasa-ƙasa. Duk inda ka tsaya a tsakanin nan babu mai kama ka. Balle ma hasken yamma in ya faɗa a kansa, launin da zai fito ba ya cikin kowane littafi. Bincike yana da daɗi, kuma yana da saurin zama mafakar mai tsoron buroshi. Na san kaina, na taɓa yin wata guda ina karanta yadda Jamusawa suke buga yadin jiragensu da ɗigo-ɗigon launi huɗu ko biyar, ina ce wa kaina aiki nake yi.

Akwai kuma tambayar da ban ga alamar ka yi wa kanka ba: me yake faruwa a zanen? "Camel yana bin Fokker" sunan jirage ne kawai. Wa ya ga wani? Wa bai sani ba tukuna? Matuƙan wancan zamani a buɗe suke zaune, kansu a waje, kuma kullum cikin waiwaye suke. Ɗan ƙaramin kai guda da ya juya baya, taɓawa biyu ta buroshi, yana ba da labarin da bindigogi goma ba za su bayar ba. Shi ne kuma yake nuna girman jirgin, don sai an ga mutum ake gane ƙanƙantar abin da yake ciki. Ka tuna kuma matuƙan Ingila ba a ba su lemar sauka ba har yaƙin ya ƙare, na Jamus ma sai a 1918 suka fara samu. Mutum yana zaune kusa da tankin fetur, cikin akwatin katako da yadin da aka jiƙa da abu mai kama wuta. In ka riƙe wannan a ranka lokacin da kake zane, hannunka da kansa zai daina yi wa abin kwalliya.

In kana son ka ga waɗanda suka zana abin da idonsu ya gani, nemi ayyukan Henri Farré, Bafaranshen da ya riƙa hawa jiragen yaƙi a kujerar mai leƙe yana zana abin da ya gani, da na Sydney Carline, wanda shi kansa ya tuƙa Camel a fagen daga na Italiya, sannan a 1919 aka tura shi tare da ɗan'uwansa Richard zuwa Gabas ta Tsakiya don su zana wa gidan tarihin yaƙi na Landan. Abin da zai ba ka mamaki shi ne ƙanƙantar jiragen a yawancin zanensu. Sarari ne, duwatsu ne, kogi ne can ƙasa, sai 'yan jirage kamar shirwa. Ba su ƙirga waya ba. Don ganin yadda irin waɗannan jirage suke motsi kuwa, akwai bidiyon waɗanda har yau ake tashinsu, kamar na tarin Shuttleworth a Ingila, inda jirgin Blériot na 1909 yake ɗan ɗagawa daga ƙasa, da na Old Rhinebeck a Amurka. Kalli yadda iska take wasa da su. Ba sa tafiya a miƙe kamar kibiya.

Cikin makon biyun nan da kanbas yake kallon bango, kada ka zauna haka. Kowace rana yi ƙananan zane biyar, kowanne girman akwatin ashana, da gawayi ko fensir, launi uku kacal: fari, toka, baƙi. Minti biyu kowanne. Babu tambari, babu waya, siffa da haske kawai. Yawancinsu ba za su yi kyau ba, kuma ba komai, tunda ba ka zuba wata biyar a cikinsu ba. Ka kuma fita daga faɗan sama kaɗan. Yawancin aikin jiragen yaƙin nan leƙen asiri ne da ɗaukar hoto da nuna wa masu igwa inda za su harba. Akwai makanikai da asuba suna murza farfela da hannu, akwai rumfunan tamfol, akwai manyan balan-balan na leƙe da aka ɗaure da igiya. Kowa jan Fokker yake zanawa, alhali duka-duka 320 aka ƙera, kuma yawancinsu ba ja ba ne, wani kore ne mai zane-zanen buroshi a sama da shuɗi mai haske a ƙasa.

Wani abin ma yana kusa da gida. A Libiya aka fara jefa bam daga jirgin sama, ranar 1 ga Nuwamba 1911, lokacin da Italiya take yaƙi da Daular Usmaniyya. Wani hafsa mai suna Giulio Gavotti ya jefa ƙananan bama-bamai huɗu da hannu a kusa da Turabulus, garin da fataken Kano suka daɗe da sanin hanyarsa, daga cikin jirgin da ake kira Taube, wato kurciya, saboda siffar fukafukansa. A farkon Nuwamba 1925 kuma jirage uku ƙirar DH.9A na sojan saman Ingila, ƙarƙashin Arthur Coningham, suka iso Kano bayan sun taso daga kusa da Alƙahira a ƙarshen Oktoba. Ni wannan nake aiki a kai yanzu, kuma na sa jiragen can sama a kusurwa, ƙanana, farare cikin hazo. Rabin kanbas ɗin doki ne da ya ɗaga ƙafafun gaba, da mahayinsa da ya danne linzami da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kare rana daga idonsa. Hasken Nuwamba na Kano ba sai na tambayi kowa ba, na san shi. Kai ma akwai hasken da ka sani fiye da na arewacin Faransa.

Amma ban ce ka watsar da naka ba. In jan Fokker ɗin nan na matuƙin Jamus Manfred von Richthofen ne, kuma Camel yana bayansa, to ranar da kowa zai tuna ita ce 21 ga Afrilu 1918, ranar da aka kashe shi bayan ya kakkaɓo jirage 80. Wannan faɗan ba a can ƙololuwar shuɗin sama ya ƙare ba. Ƙasa-ƙasa aka yi shi, a kan kwarin kogin Somme, har sojojin Ostareliya da ke ƙasa suna harbinsa, kuma yawancin masu bincike sun fi karkata ga cewa harsashin da ya same shi daga ƙasa ya fito. Camel ɗin ma biyu ne: ɗaya a gabansa yana gudun ransa, shi yake bi, ɗaya kuma ya sauko masa ta baya. Gicciyen da ke jikin jirginsa a ranar mai miƙaƙƙun hannuwa ne, don Jamus ta sauya tambarin a wannan bazarar, kai kuwa ka sa masa tsohon mai faɗin baki.

Don haka ranar da ka juyo da kanbas ɗin, kada ka taɓa jiragen tukuna. Ɗauki babban buroshi, wanda ya fi faɗi a cikin naka, ka shigo da ƙasa: kogi mai lanƙwasa, tudu a gefe, gonaki da bishiyoyin da ba su gama fitar da ganye ba, ɗan hazo a kan ruwa. Ɗaga layin da sama ta haɗu da ƙasa ya haura saman jiragen, ka ɗan karkata shi, yadda mai kallo zai ji kamar shi ma a cikin jirgi yake yana juyawa. Bari buroshin ya ci gefen fukafukan, kada ka ji tsoro, za ka dawo da su daga baya da launin da ya ɗebo daga ƙasar. Goge wayoyin Fokker ɗin duka, miƙar da fiffiken Camel na sama, ka jefa inuwar jan jirgin a kan ciyawa can ƙasa, 'yar ƙarama, tana binsa. In ka kai nan, tsaya, ɗauki hoto baƙi da fari ka turo mini kafin ka sa ko waya ɗaya.